Kulle Fayil da Ɓatan Wasiƙun I-mel a Tsarin NFS

Daga ƙarshen shekarun 1980, jami'o'i da cibiyoyin bincike da dama a Amurka da Turai sun riƙa haɗa kwamfutocinsu da wata babbar kwamfuta guda mai riƙe da faifan ajiya. Duk kwamfutar da malami ko ɗalibi ya zauna a gabanta, zai ga fayilolinsa tamkar a cikinta suke, alhali suna can wani ɗaki dabam. Tsarin da ya fi shahara wajen wannan aiki shi ne NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984. Ya yi amfani ƙwarai, amma ya daɗe da wani tabo: jefi-jefi wasiƙun i-mel kan ɓace, ko su cakuɗe da juna, ba tare da wata na'ura ta lalace ba.

Tushen matsalar shi ne yadda ake ajiye wasiƙun. A tsohuwar hanyar Unix, wadda ake kira mbox, dukkan wasiƙun mutum a fayil guda suke, wata na bin wata, kowacce ta fara da layi mai kalmar From. Manhajoji biyu ne ke taɓa wannan fayil, wato mai kawo sabuwar wasiƙa, wadda ke liƙa ta a ƙarshe, da kuma wadda mai akwatin ke karatu da ita. Alal misali, mutum ya buɗe akwatinsa mai wasiƙu 40, ya share 5, manhajarsa ta shiga sake rubuta fayil ɗin da 35 da suka rage. Idan a daidai wannan lokaci wata wasiƙa ta iso aka liƙa ta, manhajar karatu ba ta san da ita ba, za ta yanke fayil ɗin a inda lissafinta ya tsaya. Wasiƙar ta tafi ke nan. Mai aikowa ya samu tabbacin isarta, wanda aka aiko wa kuma bai san an taɓa rubuto masa ba.

Maganin da aka fara yi shi ne kulle: kafin manhaja ta taɓa fayil, sai ta kafa alamar cewa yana hannunta, saura su jira. Hanyoyi uku suka yaɗu. Akwai ƙirƙirar wani ɗan fayil mai sunan akwatin da ƙarin .lock a ƙarshe, akwai flock da ya zo da Unix na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakali a 1983, akwai kuma fcntl da ƙa'idar POSIX ta ɗauka. Ya kamata mai karatu ya lura cewa kalmar kulle ta fi ƙarfin abin da ake yi. Ba kwaɗo ba ne a jikin ƙofa, ya fi kama da takalmin da aka bari a bakin ɗaki, wanda ya dubi ƙasa ne kawai zai san akwai mutum a ciki. Idan mai kawo wasiƙa na amfani da flock, mai karatu kuma da fcntl, to a wasu tsare-tsaren kowannensu zai kulle, kuma babu wanda zai ga kullen ɗan'uwansa.

Wannan duk a kwamfuta guda ne. Da aka ɗora akwatunan a kan NFS sai lamarin ya ƙara dagulewa, saboda wata shawara da masu ƙirƙirarsa suka yanke da gangan. Sun tsara kwamfutar ajiya ta zama ba ta riƙe komai game da masu hulɗa da ita. Kowace buƙata takan zo da cikakken bayaninta, a biya ta, a manta. Hikimar ita ce, idan kwamfutar ta mutu ta sake tashi, aiki zai ci gaba kamar ba a yi komai ba. Amma kulle ba wani abu ba ne illa tuna wanda ke riƙe da fayil. Saboda haka aka ware shi ga wasu manhajoji biyu na gefe, lockd da statd, waɗanda ingancinsu ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Shi kuwa flock, a Linux bai ma ƙetare kwamfutar da aka kafa shi ba sai a siga ta 2.6.12 da ta fito a 2005.

Ɗan fayil mai .lock ma bai tsira ba. A siga ta 2 ta NFS, kwamfuta kan tambaya ko fayil ɗin yana nan, sannan ta ƙirƙira shi. Matakai biyu ke nan, kuma tsakaninsu wata kwamfutar na iya yin tambaya iri ɗaya, ta samu amsa iri ɗaya, kowaccensu ta ɗauka ita ce mai kulle. Siga ta 3, ta 1995, ita ta haɗe matakan wuri guda. Kafin nan masu rubuta manhaja sun samo wata dabara: a ƙirƙiri fayil mai suna na musamman, a nemi a ba shi suna na biyu, wato sunan kullen, sannan a ƙirga sunayensa. Idan biyu ne, kulle ya samu. Dalilin ƙirgawar shi ne, amsar kwamfutar ajiya kan ɓata a hanya, a maimaita buƙatar, sai ta ce sunan yana hannun wani, alhali mai tambayar ne da kansa ya kafa shi.

Bugu da ƙari, don gudun cunkoso a layi, kowace kwamfuta kan riƙe bayanin girman fayil na tsawon daƙiƙa 3 zuwa 60 kafin ta sake tambaya. Wadda ta dogara da tsohon bayani za ta ɗora sabuwar wasiƙa a kan wadda aka rubuta yanzu-yanzu.

Mafi wuyar duka ita ce tambayar da ba ta da tabbatacciyar amsa. Idan mai riƙe da kulle ya yi shiru, mutuwa ya yi ko jinkiri? Daga nesa, kwamfutar da wuta ta ɗauke mata da wadda layinta ya cushe kamarsu ɗaya. In aka jira har abada, akwatin ya toshe. In aka fasa kullen bayan 'yan mintoci, kamar yadda manhajoji da yawa ke yi, wataƙila mai shi yana tsakiyar rubutu. Ko shekarun kullen ma da agogo ake auna su, agogon kwamfutoci biyu kuwa ba lallai su zo ɗaya ba.

A tsakiyar shekarun 1990, masanin lissafi Daniyel Banstain, wanda ya rubuta manhajar qmail, ya bi ta wata hanya. Maimakon gyara kulle, sai ya kawar da buƙatarsa. A tsarinsa mai suna Maildir, kowace wasiƙa fayil ce mai zaman kanta, akwatin kuma jakunkuna uku ne: tmp da new da cur. Ana rubuta wasiƙa a tmp da sunan da aka haɗa daga lokaci, da lambar aikin, da sunan kwamfutar, don kada ya yi karo da wani. Sai an gama rubuta ta tsaf ake bayyana ta a new, da mataki guda wanda ko dai ya auku gaba ɗaya ko bai auku ba. Bayan manhajar karatu ta gan ta, sai ta koma cur. Idan wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, guntun zai tsaya a tmp, inda ba mai ɗaukarsa a matsayin wasiƙa, mai aikowa kuma zai sake gwadawa tunda bai samu tabbaci ba. Kuɗin wannan sauƙi shi ne dubban ƙananan fayiloli, masu jinkirta bincike da kwafin ajiya.

NFS ma ya sauya. Siga ta 4, wadda ta fito a 2000, ta shigar da kulle cikin tsarin kansa a matsayin aro mai wa'adi: kwamfutar da ba ta sabunta shi ba, bisa al'ada cikin daƙiƙa 90 a Linux, ta rasa shi. Duk da haka, manhajoji irin su Dovecot, wadda ta fito a 2002, suna ajiye fayilolin fihirisa a gefen wasiƙu don saurin bincike, su kuma fayiloli ne da ake sake rubutawa. Shawarar da masu ita ke bai wa cibiyoyin da ke amfani da NFS ita ce a riƙa tura duk hulɗar mutum guda zuwa kwamfuta guda a lokaci guda.