Amsar Tambaya: Ƙwaya ko zaman tattaunawa?

Baiwar Allah daga Wamakko, kin ce tun da kika haihu barci ya ƙaurace miki, tuwo yana hucewa a kwano ba ki taɓa ba. Wani likita ya ce ƙwaya, wani ya ce zaman tattaunawa.

Saɓanin nan ya daɗe tsakanin masana. Ko masu tattaunawar ba bakinsu ɗaya ba: almajiran Freud suna tono ƙuruciya, na Aaron Beck suna gyara tunanin yau. A ganina, damuwa mai sauƙi tattaunawa kan isa. In ta yi tsanani, a haɗa biyun, kuma ki faɗa wa likita kina shayarwa. Addu'a ba ta hana neman magani.

Ki je asibitin ƙwaƙwalwa na Kware tare da maigidanki. In tunanin cutar da kanki ko jaririn ya zo miki, kada ki kwana a gida.