Dalma Tana Ɗauke da Shaidar Asalinta

Idan aka auna jinin yaro aka samu dalma, sakamakon yawanta kawai yake faɗa, ba ya faɗin ta inda ta shiga jikinsa. Amma ita dalma tana ɗauke da shaidar asalinta. Ƙwayoyin zarrarta iri huɗu ne masu nauyi daban-daban: 204, 206, 207 da 208. Ukun ƙarshe suna taruwa ne daga lalacewar yuraniyom da toriyom cikin duwatsu tsawon miliyoyin shekaru, don haka gwargwadonsu a wannan mahaƙa yakan sha bamban da na waccan. Niƙa ko narkarwa ba sa sauya wannan gwargwado, shi ya sa ake iya kwatanta dalmar jini da ta ƙurar tsakar gida, ko ta tozali, ko ta tsohon batir.

Wahalar aikinmu a ɗakin gwaji tana wurin tace dalmar. Mukan narkar da samfuri cikin asid, mu bi da shi ta siririn bututu mai ƙwayoyin rezin. Cikin asid ɗin haidurobromik dalma takan maƙale, kalsiyom da sauran ƙarafa su wuce, sannan mu wanko ta da wani asid kafin na'ura ta auna. Ƙura kaɗan daga iska ta isa ta ɓata awon. Sai da masanin kimiyya Clair Patterson ya gina ɗaki mai tsananin tsabta a Amurka kafin ya iya ƙiyasta shekarun duniya ta hanyar awon dalma, biliyan 4.55, a 1956.

Wasu kan ce wannan almubazzaranci ne a ƙasar da gwajin jinin ma ya gagara. A Zamfara a 2010 maganarsu tana kan hanya: yara fiye da 400 sun rasu sakamakon gubar dalma, kuma kowa ya ga ana niƙa duwatsun zinariya masu ɗauke da dalma cikin gidaje. A birni kuwa, inda fenti da tozali da masu fasa batir suka haɗu a unguwa ɗaya, zato ba ya wadatarwa. Yaron da aka yi wa magani ya koma kan tushen gubar, jininsa zai sake cika. Gaskiya ne wani lokaci tushe biyu kan yi kama har a kasa rarrabe su, amma ko cire tushe ɗaya daga zargi yana rage ɓarnar kuɗi. Jami'o'inmu suna buƙatar aƙalla ɗakin tacewa guda mai tsabta, kuma ma'aikatan lafiya su riƙa ɗebo ƙurar gida da tozalin yaro tare da jininsa.