Ƙaramin Jirgin Yaƙi da Fentin Ɓad-da-kama: Darasi Daga Ɗakin Aikin Hannu

Babu yaron da ya tashi a Lakwaya ko ƙauyukan Gwarzo da Kabo bai taɓa fafe karan dawa ya yi mota ko jirgi ba. Bana 'yan ƙungiyar aikin hannu sun ɗauki wannan wasa sun mai da shi karatu. Sun sassaƙa ƙananan jiragen yaƙi masu injin jet da itace mai laushi da kwali, bisa ma'auni, sa'an nan suka zo wurin fenti suka tsaya cik. Wani yaro ɗan aji huɗu ya ce mini, "Malam, ni launin jiragen Yaƙin Duniya na Biyu nake so, amma jirgina na zamani ne. Ya halatta?" Amsar tambayarsa ce ta zama wannan darasi.

Da farko dai, ma'auni. Wanda masu wannan sana'a suka fi amfani da shi a duniya shi ne 1:72, wato kowace santimita 1 a jikin ƙaramin jirgi tana madadin santimita 72 a jikin na gaske. Faɗin fukafukan jirgin MiG-17 ya kai mita 9.6. Ku mai da shi santimita 960, ku raba da 72, za ku sami santimita 13 da 'yan kai. Tsawonsa ya ɗara mita 11 kaɗan, saboda haka naku zai zama wajen santimita 15 da rabi. Wanda ya yi kasala a wannan lissafi, fenti ba zai cece shi ba.

Me ya sa muka zaɓi MiG-17? Domin labarinsa ya bi ta ƙofar gidanmu. Jirgin sama ya fara sauka a Kano a watan Nuwamba 1925, sa'ad da jirage 3 na sojan saman Ingila suka iso daga Masar. A Yaƙin Duniya na Biyu, daga Satumba 1940, Ingila ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. A can ake haɗa su, su tashi zuwa Ikko, su sauka Kano, su bi ta Maiduguri da Khartum har Masar. Jirage fiye da 5,000 suka bi wannan hanya, cikinsu har da Hurricane da Blenheim. Dukansu masu farfela ne, gama jiragen jet ba su shiga yaƙi ba sai 1944. An kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya a 1964, kuma a watan Agusta 1967, bayan ɓarkewar yaƙin basasa, aka fara sauke jiragen MiG-17 na Tarayyar Sobiyet a filin jirgin Kano. A lokacin ne kuma aka sami L-29 daga Cekoslobakiya. Su ne jiragen jet na yaƙi na farko da ƙasarmu ta mallaka.

To, mene ne amfanin ɓad-da-kama? Ku dubi fakara in ta lafe a gona bayan girbi. Kana iya taka ta ba ka gan ta ba, ba don ta yi ƙanƙanta ba, sai don zanen jikinta ya kakkarya siffarta. Ido yana neman gefen abu ne, wato inda abu ya ƙare wani ya fara. In aka yi wa fiffike manyan dabbare-dabbare masu launi biyu, mai kallo daga sama zai ga guntaye, ba zai ga fiffike ba. Ku kuma dubi barewa: bayanta ja-ja, cikinta fari. Rana tana haska baya, ciki yana cikin inuwa, sai farin ya rage duhun inuwar, dabbar ta saje da wuri. Wani mai zane Ba'amurke, Abbott Thayer, ya yi bayanin wannan tun 1896, amma Mahalicci ya riga shi da nisa. Jirgi ma haka ne: sama launin ƙasa, ciki launin sararin sama.

Jiragen Ingila na yaƙin hamada launi uku aka fi yi musu. A sama akwai ruwan rairayi da ruwan ƙasa mai duhu, a ciki kuwa shuɗi mai haske. Na Turai a 1940 kore mai duhu ne da ruwan ƙasa. Ba kuwa yadda mai fenti ya ga dama yake yi ba. Akwai zanen da hukuma ta tsara, har iri biyu ne a farkon yaƙin, ɗaya kishiyar ɗaya kamar a madubi. Ni a ganina launin hamadan ya fi dacewa da mu. Ku ajiye jirgi mai wannan launi a fako cikin watan Maris, ku ja da baya taku goma, ku gani.

Ga yadda muka yi. A goge jikin da samfefa har ya yi sumul, a toshe ramuka da garin katako da gam. A shafa farin fenti ko ruwan toka siriri, a bar shi ya kwana. Kullum a fara da launi mai haske, domin duhu yana rufe haske, haske ba ya rufe duhu. Ke nan shuɗin ciki tukuna: fari mai yawa, shuɗi kaɗan, da ɗigon ja. Sai ruwan rairayi a dukan bayan jirgin: ruwan ɗorawa da fari da ɗan ruwan ƙasa. In ya bushe, a zana iyakar dabbare-dabbaren da fensir, a bar zanen ya gangaro daga fiffike ya hau jiki ya sauka ɗaya gefen ba tare da ya yanke ba. Nan ne yawancinku kuka faɗi. Kun yi ƙananan ɗige-ɗige kamar zabo. Ɗigo ƙanana daga nesa haɗewa suke yi su zama launi ɗaya, siffar jirgin kuwa ta fito sarai. Dabbare huɗu ko biyar manya sun isa fiffike ɗaya.

Fentin mai da muke saya a kasuwa yana da kauri, an yi shi ne domin ƙofa da taga. A tsinka shi da kananzir kaɗan har ya yi kamar madara, a shafa sau biyu ko uku, maimakon sau ɗaya mai kauri. Yana kuma da ƙyalli, ƙyalli kuwa shi ne babban mai tona asirin jirgi. Ɗan garin hoda a cikin fentin yana kashe shi. Wani sirri kuma: a ƙara ɗan fari a kowane launi, gama abu in yana nesa launinsa yakan koɗe, ƙaramin jirgi a hannunka kuwa kamar babba ne da ka hango daga nesa. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a kife kwali a kan aikin, in ba haka ba ƙura za ta yi muku nata fentin. Kada kowa ya tsinka fenti da fetur, kada kuma a yi aikin kusa da fitilar kwai. Ba na son maimaita wannan.

Kada ku raina fentin kasuwa. A 1969 wani Baswidane, Carl Gustaf von Rosen, ya kawo wa ɓangaren Biyafara ƙananan jirage 5 na koyon tuƙi. A Gabon aka shafa musu koren fentin mota, aka ɗaura musu rokoki, suka kai hari filayen jiragen Fatakwal da Benin da Inugu a watan Mayu, suka lalata jirage a ƙasa. Jirgin yaƙi yakan fi shiga hatsari sa'ad da yake ajiye, shi ya sa launin bayansa yake da muhimmanci.

Yanzu ga amsar ɗalibina. I, ya halatta. Sojan saman Ingila da kansu sun yi haka a 2015, sa'ad da suka yi wa jirgin jet na zamani, Typhoon, fentin kore da ruwan ƙasa irin na 1940 domin tunawa da shekara 75 da yaƙin sararin samaniyar ƙasarsu. Amma sun faɗa wa kowa cewa na tuni ne. Kai ma in ka sa wa MiG-17 launin hamada na Ingila, sai ka rubuta a takardar da ke gabansa cewa wannan jirgi bai taɓa sa wannan riga ba. Ƙanenka ɗan aji ɗaya zai gaskata abin da ya gani, ya kai shi har ɗakin jarrabawa. Alamar jiragen Nijeriya kuwa da'ira ce, kore a waje, fari, sa'an nan kore a tsakiya. Kada a haɗa ta da ta wata ƙasa a jirgi ɗaya.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ran da muka shanya jiragen a baranda, wani dattijo na ikkilisiyarmu wanda ya yi aikin soja a yaƙin basasa ya tsaya ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baba, yaya ka ga aikin yaran?" Ya ce, "Sun iya, Malam. Amma wannan abu ba shi da kyau haka in kana ƙarƙashinsa." Bai ƙara ba, ni ma ban matsa ba. Gaskiya ce cewa a wancan yaƙi, daga Yuli 1967 zuwa Janairu 1970, bama-bamai sun faɗa a kasuwanni da asibitoci, kuma yawancin waɗanda suka mutu ba su taɓa riƙe bindiga ba, yunwa ce ta kashe su. Waɗansu iyaye sun tambaye ni ko ya dace makarantar mishan ta koya wa yara yin kayan yaƙi. Ban raina tambayar ba. Abin da muka shirya da shugaban makaranta shi ne, kowane jirgi zai tsaya da takarda biyu. Ta farko ta faɗi sunansa da ma'auninsa da asalin launinsa. Ta biyu ta faɗi yaƙin da aka yi da shi, da shekarun, da waɗanda abin ya shafa, kuma ɗalibin ne zai rubuta ta bayan ya zauna da wani tsoho ya saurara. 'Yan ƙungiyar za su karanta Ishaya sura 2 kafin su fara rubutun.

Za a baje jiragen a ɗakin taro ranar ba da kyaututtuka. Wanda bai kawo takardarsa ta biyu ba, jirginsa zai zauna a kabad.