Lambun Bayan Ɗaki: Lokutan Shuka da Kalmominsu

Gabatarwa

A shekarata ta farko a nan Kudu na sami ɗan fili a bayan ɗakin da muke haya, bai fi tabarma uku ba. Na zo da irin kuɓewa daga gida, ƙulle a tsumma, na ajiye ina jiran watan Yuni, domin a wurinmu sai ruwan shuka ya sauka sosai ake taɓa iri. Kafin Yunin ya zo, maƙwabciyata, wata dattijuwa Bayarabiya, tuni ta fara tsinkar tata kuɓewar tana miya. Ranar da ta gan ni duƙe ina tona rami sai ta tambaye ni ina na shiga tun watan Afrilu. Na rasa amsar da zan ba ta. Abin da ya faru shi ne na ɗauko kalandar Kano a kaina na kawo ta ƙasar Yarabawa, ban tsaya na tambayi ƙasar ba.

Manufar wannan rubutu ita ce mu bi kalmomin da Hausa take da su na lokutan shekara da na aikin lambu, mu ga ilimin da ke cikinsu, mu kuma ga inda ɗalibin da ke zaune a Ibadan ko Legas ko Ilori zai gyara lissafi kafin ya sa iri a ƙasa.

Lokutan Shekara

Bahaushe ya fara kasa shekara gida biyu, rani da damina. Idan aka matsa kusa sai a ga huɗu. Akwai bazara, lokacin tsananin zafi daga wajen Maris zuwa Mayu. Sai damina, wadda a ƙasar Kano takan kama daga ƙarshen Mayu ko Yuni zuwa Satumba. Sai kaka, lokacin girbi, a Oktoba da Nuwamba. Sai hunturu, ko ɗari, mai iska da hazo, har zuwa Fabrairu. A cikin damina kuma akwai marka, wato kwanakin Agusta da ruwa yake wuni yana zuba, akwai kuma agazari, zafin nan mai gumi da ke zuwa idan damina ta doshi ƙarewa.

Waɗannan sunaye ba watanni suke ƙirgawa ba, halin sama da ƙasa suke bayyanawa. Shi ya sa idan mutum ya sauya gari dole ya sake aza su a kan watannin garin. A Kudu maso Yamma ruwa kan fara tun Maris ko Afrilu, ya kai har Oktoba, kusan wata bakwai ko takwas ke nan, alhali a Kano wata huɗu zuwa biyar ne. Abin da ya fi rikita baƙo shi ne watan Agusta. Lokacin da 'yan'uwa a gida suke kukan marka ta hana su shanya, a nan ruwa ɗaukewa yake yi na 'yan makonni tsakanin ƙarshen Yuli da Agusta, sannan ya dawo da ƙarfi a Satumba. Wato dai damina biyu ce a haɗe, kuma manoman nan sukan yi shuka sau biyu. Hunturu kuwa leƙowa kawai yake yi a Disamba da Janairu, bazara ma ba ta daɗewa. Saboda haka mai lambu a nan zai riƙe kalmar gida, amma ya riƙa duban sama.

Shuka da Dashe

Ɗalibai masu koyon Hausa sukan haɗa shuka da dasa su mayar da su abu guda, domin a Turanci kalma ɗaya tana iya ɗaukarsu. A Hausa iri ake shukawa, abin da ya riga ya rayu kuwa dasa shi ake yi, ko tsiro ne da aka ciro daga wurin reno, ko reshe ne da aka yanko. Sunan aikin shi ne dashe, kuma 'yan ajin tsarin sauti za su lura da yadda s ta koma sh a gaban wasalin e, abin da muke kira ganɗantawa.

Wanda ya rikita kalmomin nan biyu a baki dariya kawai za a yi masa, amma wanda ya rikita su a lambu zai yi hasara. Kuɓewa da kabewa da yakuwa ba su son a taɓa musu saiwa, a inda za su zauna ake shuka su. Tumatir da barkono da gauta kuwa ana fara renon su a ɗan fangali ko tsohon kwano, bayan mako uku zuwa huɗu ga tumatir, ko fiye da haka ga barkono, a dasa su da yamma idan rana ta yi sanyi. Shuwaka, wadda maƙwabtanmu Yarabawa suke kira ewuro, da lalle da na'ana'a, reshe ake yanka a kafa a ƙasa mai laima. Zogale yana karɓar duka biyun.

Haka ma tsiro da toho. Abin da ya fasa ƙasa daga ƙwayar iri shi ne tsiro, sabon ganyen da ya fito a jikin reshe ko kututture kuma toho ne. Idan ka dasa reshen shuwaka, ranar da ka ga ya yi toho ka san ya kama. Idan tsiro ya ɗan tasa ya yi kore shar, ya zama yabanya.

Ga wasu tagwayen kalmomi da lambu yake koya wa mai rubutu ya kula da ƙugiya. Huda ita ce alamar fure da take fara fitowa a jikin itace, huɗa kuwa tayar da kunya ce da garma. Taki shi ne kashin dabbobi da ake zuba wa ƙasa, taƙi kuma awo ne, daga babban yatsa zuwa ɗan tsakiya idan an buɗe hannu. Ita kanta kunyar da ake huɗawa, rubutunta ɗaya da kunyar da amarya take ji, mai karatu ne zai raba su da ma'anar jimla. Wanda ya rubuta cewa a bar taki biyu tsakanin shuka da shuka, alhali taƙi yake nufi, ya sa mai lambu ya yi taku biyu ke nan, ya ɓarnatar da rabin filinsa.

Abin da Damina Take So

Da ruwa ya zauna a Afrilu, abu mafi saurin faranta rai shi ne alayyafo. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya shi da yashi a watsa, cikin mako uku zuwa huɗu an fara cira. Lalo, wato ewedu na mutanen nan, yana da taurin kai wajen tsirowa. Masu lambu sukan ƙulle irin a tsumma su tsoma a ruwan zafi na 'yan daƙiƙoƙi, su shanya, sannan su shuka. Kuɓewa a jiƙa ta kwana ɗaya, a sa ƙwaya biyu ko uku a rami, a bar kamu ɗaya tsakani. Bayan kimanin mako shida ko bakwai za ta fara fure.

Ina roƙon mai karatu ya fita da sassafe ya kalli furen kuɓewa ko sau ɗaya ne. Rawaya ne mai haske, da ɗigon ja mai duhu a tsakiya, yakan buɗe da safe, kafin yamma ya yanƙwane. A ganina babu fulawar da ake sayarwa a bakin titi da ta fi shi kyau, yawan ganinsa ne ya sa muka raina shi. Idan ka kwatanta shi da furen yakuwa da na rama da na auduga za ka ga kamanninsu ɗaya, domin a wurin masana tsirrai dangi ɗaya ne. Kwana huɗu zuwa shida bayan furen ya faɗi a tsinke 'yar kuɓewar, in an ƙara kwanaki ta zama itace.

Kabewa takan tayar wa sabon mai lambu hankali. Za ta yi ta fure yana zubewa ba ɗa, har mutum ya fara zargin irin. Ba komai ba ne, furenta iri biyu ne. Namijin shi yake fara fitowa, aikinsa bayar da gari ga ƙudan zuma, sannan ya faɗi. Macen tana zuwa daga baya, ana gane ta da ɗan kumburi kamar ƙwallo a gindinta. A nahawu dai fure namiji ne ko da na mace ne.

Yakuwa kuwa darasi ce a kan kanta. Ba yawan ruwa ne yake sa ta fure ba, gajartar yini ce. Ko da ka shuka ta a Afrilu za ta yi ta tsawo da ganye, ba za ta ba ka soɓorodo ba sai wajen Oktoba. Mai son ganyen miya ya shuka da wuri, mai son zoɓo ba ya bukatar gaggawa. Ku duba kuma yadda shuka ɗaya ta sami sunaye uku: ganyen yakuwa, kofaton furen soɓorodo, ƙwayar irin gurguzu. Harshe ba ya yi wa abu irin wannan rabe-rabe sai in masu shi suna amfani da kowane sashe. Daga nan ne kuma kalmar zoɓo ta bazu a duk Nijeriya, ta yar da ƙugiyarta a hanya ta zama zobo, kamar yadda albasa ta shiga Yarabanci ta zama alubosa.

Babbar matsalar damina a nan ita ce yawan ruwa. A Arewa muna yin fangali mai zurfi don ya riƙe ruwa, a nan kuwa tudu ake tayarwa don ruwan ya wuce. Mai shuka a buhu ko tsohon bokiti ya huda ƙasansa, ya haɗa ƙasa kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Tumatir ba ya son tsakiyar damina, ganyensa kan kamu da cuta, 'ya'yan su ruɓe. Gara a rena shi a ƙarshen damina ya nuna a rani.

Rani da Furanninsa

Asalin kalmar lambu ma noman rani take nufi, wanda ake yi da ban-ruwa. A Arewa hunturu ne lokacin latas da karas da kabeji da albasa. A Jos, saboda sanyin tudu, suna yi fiye da haka. A nan Kudu sanyin bai isa ba, latas kan yi saurin fitar da kai ya yi ɗaci, don haka a cire shi yana ƙarami. Ban-ruwa da safe ko da yamma ake yi, a gindin shuka, a rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa. Idan zafin Fabrairu ya tsananta tumatir yakan zubar da fure, wannan ba laifin taki ba ne.

Wasu tsirran kuma sai sun ji ƙishirwa suke ado. Kariya, mai kumburarren gindi, tana kaɗe ganye a rani ta rufe kanta da fure ja-ja mai ruwan hoda. A nan sai a sa ta a kasko mai yashi da tsakuwa, a janye ta ƙarƙashin rumfa idan ruwa ya yi yawa, in ba haka ba gindin ya ruɓe. Ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara. Minjirya ma a rani take fitar da jan furenta, tana kuma yin shinge mai kyau. Albasar kwaɗi akasin haka take, tana kwance a ƙasa duk rani kamar ta mutu, ruwan farko na sauka ta ɓullo da fure fari mai ratsin ja.

Fure da Fulawa

Muna da kalmomi biyu a nan. Fure tamu ce, jam'inta furanni, kuma a bakin tsofaffi idan aka ce fure kawai, furen taba ake nufi, wanda mata suke gogawa a haƙora tare da goro don su yi ja. Fulawa kuwa ararriya ce daga Turanci, ta kuma yi karo da wata fulawar, ta yin burodi, domin kalmomin biyu furucinsu ɗaya tun a can. A yau kusan duk abin da aka dasa don ado kawai, ko yana fure ko ba ya yi, fulawa ake ce masa.

Yawancin waɗannan baƙi ne. Marigol da ziniya daga Meksiko suka fito, buganbiliya mai hawa katanga daga Amurka ta Kudu. Biyun farko daga iri suke tashi, su yi fure cikin kimanin wata biyu, su mutu a shekarar, sai a ajiye irinsu. Ziniya ba ta son ganyenta ya daɗe a jiƙe, ta fi kyau idan an shuka ta a ƙarshen damina. Marigol tana rage wasu ƙananan tsutsotsi masu sa saiwar tumatir ta yi ƙulli-ƙulli, shi ya sa ake dasa ta a gefen fangali. Buganbiliya kuwa in ka cika mata ruwa ganye kawai za ta ba ka. Duk wannan bambancin hali, amma a bakinmu sunansu ɗaya, fulawa. Wanda ya je wurin mai sayarwa sai ya nuna da yatsa, mai son ya rubuta darasi a kansu da Hausa kuma sai ya tsaya cik.

Tun 1916 wani likita Bature da ya yi aiki a Arewa, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, ƙamusun Bargery na 1934 ma cike yake da su. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, tana nan Ibadan tun 1975. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai haɗa ilimin can da harshen nan, kuma ban ga wanda aikin ya fi dacewa da shi kamar mu 'yan sashen Hausa ba.

Aikin Yi

Kowane ɗalibi ya zaɓi shuka ɗaya, ya samo irinta wurin masu kayan miya a Sabo ko wurin 'yan lambu na bakin rafi. Ya buɗe littafi ya rubuta ranar shuka, ranar tsiro, ranar huda, ranar fure, kowace da cikakkiyar jimlar Hausa. Ya tambayi mutum uku daga garuruwa dabam-dabam sunan shukar, domin itacen da Bakano yake kira darbejiya wasu dogon yaro suke ce masa, wasu maina, wasu bedi. Idan iri ya ƙosa ya bushe a jikin uwar, a ɗebe shi a ƙara shanyawa a inuwa, a gauraya da toka, a zuba a kwalba mai murfi, domin laimar nan Kudu tana kashe irin da aka ƙulle a tsumma. A liƙa wa kwalbar takarda mai ɗauke da suna da kwanan wata, a kawo ta aji a farkon zango mai zuwa.