Idan Maki Ya Gaza: Jarrabawar GRE da Neman Gurbin Babban Digiri

Gabatarwa

A kowace shekara ɗalibai daga ƙasashe da dama, ciki har da Nijeriya da Gana, sukan nemi gurbin karatun digiri na biyu ko na uku a jami'o'in Amurka. Daga cikin abubuwan da wasu sassan jami'o'in kan buƙata akwai sakamakon wata jarrabawa da ake kira GRE. Sau da yawa akan sami haziƙin ɗalibi wanda ya kammala digirin farko da sakamako mai kyau, amma da ya zauna wannan jarrabawa sai makinsa ya gaza. Daga nan wasu sukan karaya su jingine takardunsu, bayan kuwa kuɗin rajista da watannin shiri sun riga sun tafi. Wannan nazari zai bayyana abin da makin yake aunawa, da matakan da suka dace da wanda ya sami kansa cikin wannan hali.

Asalin Jarrabawar da Tsarinta

An fara GRE a shekarar 1936 a wasu manyan jami'o'i huɗu na Amurka. Daga baya gudanar da ita ya koma hannun hukumar ETS, wadda aka kafa a 1947. Jarrabawa ce ta bai-ɗaya, kamar yadda ta JAMB take ga masu neman digirin farko a Nijeriya, wato ana auna dukkan masu nema da ma'auni guda.

Tana da ɓangarori uku: fahimtar rubutaccen Turanci, da lissafi, da rubutun insha'i. Tun daga 2011 ana ba da makin ɓangarori biyun farko daga 130 zuwa 170, shi kuwa insha'i daga 0 zuwa 6. A watan Satumba na 2023 aka taƙaita lokacinta, daga kusan awa 4 zuwa ƙasa da awa 2. A kan kwamfuta ake yin ta, kuma wahalar kashi na biyu na tambayoyi ta danganta da ƙoƙarin da ɗalibi ya yi a kashi na farko.

Maki Awo Ne

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin masu awo a kasuwar Dawanau ya san cewa idan aka auna buhun gero ɗaya da mudu har sau biyar, da wuya lissafin ya zo daidai a kowane karo. Geron bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba. Hannun mai awo ne da yanayin cikar mudun suke sauyawa. Haka jarrabawa take. Makin da ɗalibi ya samu ya ƙunshi abubuwa biyu: ainihin iyawarsa, da kuma abin da ya faru a ranar, kamar rashin barci, ko zazzaɓi, ko faɗuwar gaba, ko dacewa da tambayoyin da ya fi sani. Masana ƙididdiga suna kiran wannan kashi na biyu kuskuren awo, kuma a GRE yakan kai kimanin maki 2 zuwa 3 a kowane ɓangare.

Ga misali. A ɗauka ainihin iyawar wata ɗaliba a lissafi ta yi daidai da maki 152, kuskuren awo kuma maki 3 ne. Da za ta zauna jarrabawar sau 100 ba tare da iliminta ya ƙaru ba, a kusan zama 68 makinta zai faɗo tsakanin 149 da 155, a kusan zama 95 kuwa tsakanin 146 da 158. Saboda haka idan wani ya sami 150, wani kuma 153, babu tabbacin cewa na biyun ya fi na farkon. Ita kanta hukumar ETS tana jan hankalin jami'o'i da kada su yi watsi da mai nema saboda makin GRE kaɗai.

Akwai kuma wata ƙa'ida da masanin nan na Ingila, Francis Galton, ya bayyana a 1886, wato komawa ga matsakaici. Idan awo ya yi ƙasa fiye da kima saboda rashin sa'a, awo na gaba ya fi yiwuwa ya matso kusa da ainihin matsayin abin da ake aunawa. Sai dai wannan ƙa'ida ba ta taimakon wanda ƙarancin makinsa ya samo asali daga rashin sanin darasin.

Abin da Bincike Ya Nuna

A 2001 Nathan Kuncel da abokan aikinsa suka tattara sakamakon bincike masu yawa, suka gano cewa makin GRE yana da dangantaka da makin da ɗalibai kan samu a darussan babban digiri. A 2017 kuma wani bincike da aka yi a Jami'ar Vanderbilt kan ɗaliban kimiyyar halittu da lafiya ya nuna cewa makin ya ɗan hasko sakamakon zangon farko, amma bai nuna wanda zai kammala digiri na uku ko yawan maƙalun da zai wallafa ba. Irin wannan bincike yana da iyaka, domin waɗanda aka riga aka ɗauka kawai yake dubawa, kuma makinsu yana kusa da juna. Duk da haka ya yi tasiri. Sassa da yawa sun daina tilasta GRE, musamman tun daga annobar korona ta 2020, kuma a 2022 Jami'ar Mishigan ta sanar da cire ta daga sharuɗɗan shiga digiri na uku.

Matakan da Suka Dace

Na farko, ɗalibi ya karanta sharuɗɗan kowane sashe da kyau. Wasu suna tilasta GRE, wasu sun bar ta ga zaɓin mai nema, wasu ba sa karɓar ta ko kaɗan. Inda ta zama zaɓi, babu dalilin aika makin da zai rage wa takarda daraja.

Na biyu, ya dubi ɓangaren da ya gaza. Sashen injiniya ya fi kula da lissafi, na tarihi kuwa ya fi kula da Turanci da insha'i.

Na uku, ya auna ko sake zama zai amfane shi. Ana iya maimaita jarrabawar bayan kwana 21, har sau 5 cikin wata 12, kuma maki yana aiki tsawon shekara 5. Mai nema yana da damar zaɓen sakamakon zaman da zai aika. Idan makinsa a gwaje-gwajen gida ya fi na ranar jarrabawa sosai, sake zama ya dace. Idan kuwa duk ɗaya suke, to karatu ake buƙata tukuna.

Na huɗu, ya kawo wata hujjar. Gani ya kori ji: kyakkyawan maki a darussan lissafi na jami'a, da kundin binciken digirin farko, da wasiƙar malamin da ya ga aikinsa a ɗakin gwaje-gwaje, duk suna amsa shakkar da ƙaramin maki ya haifar.

Na biyar, idan akwai dalili na haƙiƙa, kamar rashin lafiya, ya ambace shi cikin jimla biyu ko uku a takardar bayanin manufarsa, sannan ya koma kan binciken da yake son yi. Dogon uzuri yakan jawo ido ga raunin, ƙirƙirar dalili kuwa tana iya jawo soke gurbin baki ɗaya.

A lura cewa jarrabawar ƙwarewar harshe, kamar TOEFL da IELTS, hukuncinta daban ne. Jami'o'i sukan sa mata mafi ƙarancin makin da bayani ba ya gyarawa, ko da yake wasu suna yafe ta ga wanda ya yi digirinsa da Turanci.

Kammalawa

Lissafin GRE bai wuce na makarantar sakandare ba: ƙidaya, da aljabara, da siffofi, da fassara jadawali. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ɗalibin da ya riƙe waɗannan darussa tun daga aji huɗu, ya kuma saba da karatun dogayen rubuce-rubuce, ya riga ya fara shiri. Malamai kuma za su taimaka idan suka saba wa ɗalibai da amsa tambayoyi cikin ƙayyadadden lokaci, suka kuma nuna musu cewa sakamakon rana ɗaya awo ne mai kuskure, wanda ake karantawa tare da sauran shaidu.

Tambayoyi Don Nazari

1. Idan ainihin iyawar ɗalibi 158 ce, kuskuren awo kuma maki 2, tsakanin waɗanne makuna sakamakonsa zai faɗo a kusan zama 68 cikin 100?
2. Me ya sa binciken da ya tsaya kan ɗaliban da aka riga aka ɗauka yake da iyaka?
3. A wane hali ne sake zama ba zai amfani ɗalibi ba?