Yashi, Abokin Gaban Famfon Rijiyar Mai

A shekarar 2019 Kamfanin Mai na Ƙasa ya ba da sanarwar samun ɗanyen mai a Kolmani, kan iyakar Jihohin Bauchi da Gombe. Saboda haka ya kyautu jama'a su san abin da ke kashe famfon rijiyar mai tun kwanansa bai ƙare ba, wato yashi.

Sau da yawa mai yana kwance ne cikin dutsen yashi. In dutsen ba shi da ƙwari, sai ɓarɓashinsa ya biyo man, ya yi ta cin farfelar famfo kamar magagari. Ranar da aka tsayar da famfo kuwa, yashin da ke cikin bututu ya zubo ya cushe shi. Ciro shi daga zurfin ƙasa aiki ne mai cin kuɗi, ga rijiya a tsaye.

Maganinsa shi ne a sa rariyar ƙarfe a gindin rijiya, a kewaye ta da tsakuwa, kada kuma a zuƙi mai da garaje, domin ƙarfin zuƙa ke tayar da yashi.

Haka abin yake ga rijiyar burtsatse ta ruwa. Magidanci a Ƙofar Dumi, cikin birnin Bauchi, in ya ga yashi a gindin bokiti, ya gaggauta kiran masu haƙa su duba rariya.