Yadda Ake Saita Rumbun Bayanai a Amazon RDS Ya Iya Komawa Lokacin da Ake So

A ranar 31 ga Janairun 2017 wani injiniyan GitLab ya goge babban rumbun bayanan kamfanin bisa kuskure. Da aka nemi kwafin ajiya, sai aka tarar hanyoyin da aka dogara da su ba sa aiki, aka yi asarar bayanan kimanin awa shida. Maganin irin wannan shi ne tsarin da zai mayar da rumbu yadda yake a daidai daƙiƙar da ta gabaci ɓarna. A Najeriya ma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe bayanan mutane ya tsare su, ta kuma lissafa iya dawo da su cikin lokaci idan matsala ta auku a cikin matakan da zai iya ɗauka.

A RDS, Amazon na ɗaukar cikakken kwafi sau ɗaya a rana, sannan duk bayan minti biyar a tura rajistar canje-canje zuwa ma'ajiyar S3. Da waɗannan biyun ake sake gina rumbun.

Tun wajen ƙirƙirar rumbun ka kunna kulle bayanai da makullin KMS. Kada ka ce sai daga baya, domin rumbun da aka gina a buɗe ba a iya kulle shi kai tsaye. Sai an ɗauki kwafinsa, a kwafe kwafin da makulli, a gina sabo. Wahala ce da ba ta da dalili. Ka kuma tsare makullin da kyau, don idan aka goge shi, kwafin da aka kulle da shi ya tafi ke nan.

Sai adadin kwanakin ajiya, daga 1 zuwa 35. Sifiri na nufin an kashe tsarin gaba ɗaya. Ni dai shawarata kwana 35, musamman ga rumbun da ke riƙe da bayanan kuɗi ko na marasa lafiya, saboda ɓarnar ɓarawon intanet ba ranar da ya shigo ake gane ta ba. Idan rumbun ya daɗe yana aiki a kan sifiri, sauya lambar zai tsayar da shi na ɗan lokaci, don haka a yi da tsakar dare. Abin da doka ta ce a adana na shekaru kuwa, a kai shi AWS Backup a kulle rumbun ajiyar yadda ko shugaban sashe ba zai iya gogewa ba.

Kunna kariya daga gogewa, ka taƙaita masu izinin taɓa kwafi, ka bar CloudTrail yana rubuta wanda ya yi me da kuma yaushe.

Gwaji ne inda aka fi sakaci, kuma nan ne mai binciken tsaro zai tsaya. Zaɓi wani lokaci na jiya, ka ba da umarnin dawowa. RDS ba zai taɓa tsohon rumbun ba, sabo zai gina da sabon adireshi. Idan ba ka faɗa masa ba, zai ba sabon dokokin shiga da saituna na asali, ba naka ba, sai ka ga manhajarka ta kasa haɗuwa da shi, ko kuma ya buɗe wa wanda bai kamata ba. Ka lura da agogo: umarnin da ake rubutawa da hannu da lokacin UTC yake aiki, Najeriya da Nijar kuwa suna gabansa da awa ɗaya. Kuskuren awa guda ya isa ya dawo maka da rumbun bayan ɓarnar ta riga ta faru.

Bayan ya tashi, ƙirga layuka, duba cinikin ƙarshe, rubuta mintunan da aikin ya ci da sunan wanda ya yi, sannan ka goge rumbun gwajin tunda bayanan mutane ne a ciki. Ka sa wannan gwaji a jadawalin ofis duk wata uku, ka adana rahoton kowanne.